Fitsari ya hana ni zaman Harami, me zan daina ci da sha?

Wata Hajiya ta rubuto mana daga Makka, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekarata 53, haihuwata shida, ina zaune wajen Shari'u Mansur. Kusan shekara guda ke nan fitsari ya sa ni a gaba. Da rana ina zuwa banɗaki fiye da sau 12, da dare sau uku, kuma in ya taso ba ya jira. Sau biyu ina yanke ɗawafi saboda shi. Na je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, an gwada fitsarin, aka ce babu ƙwayar cuta. Yanzu na rage shan ruwa, ƙananan kwalabe biyu nake sha a wuni, amma abin sai gaba yake yi, har da ɗan zafi a mara. Gahawa da shayi ba sa wuce ni, ina cin goro, kuma tun da aka ce in rage suga na koma shan Pepsi Diet. Maƙwabciyata ta ce daga abinci ne. Me zan bari?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Maƙwabciyarki tana da gaskiya a wani ɓangare, kuma za mu bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin a kai ga abin da za ki bari, akwai abin da za ki dawo da shi, shi ne ruwa. Kwalba biyu ƙanana ba su kai lita ɗaya ba, a garin da zafi ke wuce maki 40 watanni da yawa a shekara. Jikinki yana zubar da mafi yawan wannan ruwan ta gumi, ɗan abin da ya rage wa ƙoda shi ne za ta narkar da dattin jini na wuni guda a ciki. Sai fitsari ya fito kaɗan, ja, mai kauri da wari. Irin wannan fitsarin yana cin fatar cikin mafitsara kamar yadda ruwan gishiri ke cin bakin da ya tsage, mafitsarar kuwa ba ta da wata hanyar kuka sai ta matse. Shi ya sa kika rage ruwa amma zuwa banɗaki ya ƙaru, kuma muna kyautata zaton zafin marar nan ma daga nan yake. Ga haɗarin tsakuwar ƙoda da ciwon sanyin mafitsara, waɗanda ƙarancin ruwa ke buɗe wa ƙofa.

Mafitsara jaka ce ta tsoka. Lafiyayya takan riƙe mililita 400 zuwa 500, ta fara yi wa mutum ishara in ta kai kusan rabi, ta kuma yi haƙuri har ya sami wuri. Zuwa sau shida zuwa takwas a awa 24, da tashi sau ɗaya da dare, ba matsala ba ce. Taki tana matsewa tun ba ta cika ba, kuma ba ta neman izini. Abin da ke cikin fitsarin, da yawan da ya zo a lokaci guda, su ne ke ƙara tunzura ta.

Saboda haka ki kai ruwanki lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ƙananan kwalaben nan masu mililita 330 guda biyar zuwa shida, ranar da kika yi tafiya cikin rana ki ƙara ɗaya ko biyu. Kada ki tashi daga biyu zuwa shida a rana ɗaya. Ki ƙara kwalba ɗaya duk bayan kwana biyu. Yadda ake shan ma yana da muhimmanci: rabin kwalba yanzu, rabi bayan awa guda, ya fi ki kafa kai ki shanye biyu. Ruwan da ya shiga da yawa lokaci guda yana isa mafitsara da yawa lokaci guda, saurin cikar nan kuma shi ke tayar da matsuwa. Mafi yawansa ki sha daga asuba zuwa magariba, ki tsaya saura awa biyu zuwa uku ki kwanta, sai dai kurɓa don haɗiyar magani. Ma'auninki launin fitsari ne, ya zama ruwan ɗorawa mai haske. Idan likita ya taɓa ƙayyade miki ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, to maganarsa ce a gaba da tamu.

Yanzu ga babban mai laifi a cikin abin da kika lissafa, sinadarin kafeyin. A duk abubuwan da ake cewa suna damun mafitsara, shi ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Aiki biyu yake yi: yana sa ƙoda ta ƙara tace ruwa, sannan yana sa tsokar mafitsara saurin matsewa. Yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa guda, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini. Shayin bayan isha'i yana tare da ke har ƙarfe biyun dare.

Ke kuwa ta ƙofa huɗu yake shigo miki. Babban kofin baƙin shayi yana da kusan miligiram 40 zuwa 50, in an bar ganyen ya daɗe yana tafasa, kamar yadda ake dafa shayin Adani da karak, ya fi haka. Gwangwanin Pepsi yana da wajen 35, kuma na Diet ɗin ma yana da shi, suga kawai aka cire. Gahawar Larabawa tana yaudara, domin ba ta da duhu, ga ƙamshin hel, ga finjalin ɗan mitsitsi, sai a ɗauka ba ta da ƙarfi. Finjali ɗaya ba wani abu ba ne, amma wa ke tsayawa a ɗaya? In an zauna da dabino ana hira, mai butar gahawa tana zagayawa, shida ko bakwai sukan wuce ba a ƙirga ba. Sai goro, wanda mutane da yawa ba sa sa shi a lissafi sam. Babban goro guda zai iya kai kofin Nescafé ƙarfi, kuma da yake ɓantara ake yi ana taunawa a hankali, sai ya zama jiki bai huta da sinadarin ba tun safe har dare. Akwai ƙofa ta biyar da ba ki ambata ba amma ki duba jakarki: Panadol Extra, kowace ƙwaya tana da miligiram 65 na kafeyin. Koren shayi ma yana da shi, cakulan da koko suna da kaɗan, lemukan ƙarin kuzari irin su Red Bull kuwa gwangwani ɗaya 80 ne.

Kada ki yanke duka a rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan kama shi washegari, su yi kwana biyu zuwa mako guda, kuma a nan ne yawancin mutane ke cewa ba za su iya ba su koma. Ki ja shi cikin mako biyu. Kwana huɗun farko ki cire Pepsi da duk wani shayi ko gahawa na bayan la'asar. Kwana huɗu na gaba ki raba goro biyu, ki bar shi zuwa safiya kawai, gahawa kuma finjali biyu ki girgiza finjalin, mai zubawa ta san kin ƙoshi. Daga nan ki rage har ya zama kofin shayi ɗaya mara kauri da safe, wanda aka tsoma ganyen minti ɗaya aka cire. In kai ya sara, farar Panadol ta yau da kullum za ki sha, ban da Extra. Mun san goro ba ƙaramin abu ba ne a wajen wadda ta shekara talatin tana ci, kuma in an miƙo a gidan suna ko biki ba a cewa a'a. Ki karɓa, ki yi godiya, ki ɗaure a bakin mayafi.

Pepsi Diet ɗin nan laifinsa uku ne a gwangwani ɗaya: kafeyin, da gas, da zaƙin da ba na suga ba. Masu fama da mafitsara da yawa suna ganin irin wannan zaƙin, kamar aspatam da sakarin, yana tayar musu, kuma lemon gas, ko da mara kafeyin ne irin 7Up, yakan yi haka. Ki duba ƙananan ƙwayoyin zaƙi da ake jefawa a shayi, da cingam mara suga, da duk abin da aka rubuta "daayit" ko "bidun sukkar", wato babu suga, a jikinsa. Wannan ba izini ba ne ki koma mai suga. Ki bar lemon gwangwani gaba ɗaya na wata guda ki gani.

Sai kayan tsami da yaji. A nan gaskiyar magana ita ce mutane sun bambanta ƙwarai. Wata lemun tsami kaɗan zai hana ta barci, wata ta sha kofi guda ba abin da ya same ta. Sun fi damun masu jin zafi ko nauyi a mara idan mafitsara ta cika, kuma da yake kin ambaci zafi, ya kamata a gwada su. A teburinmu na nan ga inda suke ɓuya: lemun tsami da ake matsawa a ful da salak da shurba, lemun zaƙi da abarba, tumatir musamman na gwangwani da ke cikin jar miya da kabsa, daƙƙus da shatta, wato miyar tumatir mai yaji da markaɗen barkono da ake ci da shinkafa, ɗurshi, wato kayan lambu masu tsami, da duk abin da aka jiƙa a ruwan khal, zoɓo, kunun tsamiya, miyar yakuwa, ɗanyar albasa, da yajin tsire. Zoɓo yana da tsami kuma yana ɗan ƙara fitsari, mata da yawa kuwa suna shansa kullum saboda hawan jini. Ƙwayar bitamin C mai tafasa a ruwa, mai miligiram 1000, ita ma tana cikinsu. Akwai kuma jan lemon nan na kiranberi da ake cewa maganin sanyin mafitsara ne. Ke an gwada ba ki da ƙwayar cuta, shi kuma tsami ne zalla, zai iya ƙara miki. Fawwar na fitsari, wato garin maganin nan mai tafasa a ruwa da ake saya a saidaliyya, kantin magani ke nan, ba tare da takarda ba, da yawansu akwai gishirin sodiyam a ciki, mai hawan jini ba za ta mai da shi abin sha kullum ba.

Ba mu son ki karanta wannan ki zauna da farar shinkafa da ruwa. Abin da bai cika damun kowa ba yana da yawa: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe an rage barkono, kunun gyaɗa ba tsamiya, madara, ƙwai, kaza, kifi, burodin tamis, waken ful da man zaitun, dankali, kabewa, karas, kokwamba, ayaba, dabino. A madadin shayi akwai na'ana'a zalla, yansun da babunaj. Kankana ba ta da tsami amma kusan dukkanta ruwa ce, ki ci ta da rana.

Hanyar gano abin da ke tayar miki ita ce takarda da biro. Kwana uku kafin ki canza komai, ki rubuta lokacin da kika sha abu, menene, nawa ne, da lokacin kowane fitsari da yawansa. Ki sayi jug na roba mai layin awo ki ajiye a banɗaki don wannan aikin kaɗai. Ki sa alama inda matsuwa ta yi tsanani ko ya zubo. Wannan takardar tana faɗin abin da baki ba zai iya ba. In kowane zuwa mililita 50 zuwa 150 ne, mafitsara ce ke saurin matsewa. In kowane zuwa da yawa ne, jimillar wuni ta haura lita uku, ga ƙishirwa, to a duba sugan jini kafin komai, musamman da yake an riga an ce ki rage suga. In kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na fitsarin wuni da dare yake fita, sau da yawa ruwan da ya taru a ƙafafu ne yake komawa jini in an kwanta. Maganin wannan ki miƙe ƙafa bisa matashi na awa guda bayan la'asar, ki rage gishiri da dunƙulen miya a abincin dare.

Bayan kwana ukun, ki gyara ruwa, ki janye kafeyin yadda muka ce, sannan ki ajiye kayan tsami da yaji na mako biyu cur. In kin sami sauƙi, sai ki riƙa dawo da abu ɗaya, da safe, ranar da kike gida, gwargwadon yadda kika saba ci. Ki ba shi kwana biyu zuwa uku. Bai yi komai ba, ya koma tukunya, ki gwada na gaba. Ya tayar, ki cire, ki jira jiki ya lafa kafin ki gwada wani. Inda ake kuskure shi ne a ji sauƙi a dawo da komai ranar Juma'a ɗaya, sai abin ya dawo ba a san wanda ya jawo ba. Yawanci abu biyu ko uku ne ke damun mutum, kuma sau da yawa yawan ne matsalar: cokali ɗaya na tumatir a miya ya wuce lafiya, daƙƙus rabin kwano ya hana barci. In kuwa mako biyun sun cika babu bambanci ko kaɗan, ki ci abincinki, matsalar ba daga nan take ba.

Ki lura da bayan gida. Hanji yana bayan mafitsara, in ya cushe sai ya danne ta, yunƙuri kuma yana sassauta tsokar ƙasan mara. Ƙarancin ruwan da kike yi zai iya jawo wannan ma. Ganye, wake, alkama, dabino da tafiya suna taimakawa.

Game da Harami, mun san banɗakunan suna can wajen farfajiya, in an fita kuma komawa sahu aiki ne. Ranar da za ki je, kada ki sha gahawa ko shayi ko ki ci goro awa huɗu kafin fita. Ki sha ruwanki kaɗan-kaɗan tun da wuri, ki rage saura awa guda. Kafin alwala ki zauna ki yi fitsari a natse, ki jira daƙiƙa 20 zuwa 30, ki ɗan sunkuya gaba ki sake gwadawa, don ragowar ta fita. Zamzam ki kurɓa kafin ɗawafi, ki sha ki ƙoshi bayan kin idar. In matsuwa ta taso kina tsakiyar jama'a, kada ki ruga, gudu yana girgiza mafitsara ya ƙara mata. Ki tsaya cak ko ki zauna, ki matse tsokar da ake riƙe fitsari da tusa da ita, matsewa mai sauri sau biyar ko shida, ki ja numfashi a hankali. Matsuwar tana zuwa ne kamar igiyar ruwa, takan kai ƙarshe ta sauka cikin minti ɗaya ko biyu, sai ki taka a hankali. Akwai audugar da aka yi musamman don fitsari a saidaliyya, ta fi ta al'ada tsotsewa da riƙe wari. Hukuncin alwalar mai salasul bauli kuwa, wato mai yoyon fitsari, shari'a ta yi sauƙi a kansa, ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin yadda naki yake, sau nawa kuma a wane lokaci, ya faɗa miki abin da ya hau kanki.

A gida kuma ki daina fitsarin ko-ta-kwana, wato shiga banɗaki duk lokacin da kika gifta ko da ba ki ji ba. Yana koya wa mafitsara ta riƙa kuka a kan ɗan kaɗan. Ki duba takardarki, in tazarar zuwanki awa ɗaya ce, ki riƙe awa ɗaya da kwata na mako guda, sannan ki ƙara kwata, har ki kai awa uku. Wannan yana ɗaukar aƙalla mako shida. Ki haɗa da motsa tsokar ƙasan mara: ki matse ki ƙirga biyar, ki saki ki ƙirga biyar, sau goma, sau uku a rana, ba tare da riƙe numfashi ko matse ciki da cinya ba. A hankali ki kai ƙirga goma. Wata uku ake ba shi kafin a yanke hukunci. Kada ki riƙa yinsa kina cikin fitsari. Bayan haihuwa shida wannan ya zama dole, musamman in yana ɗigowa lokacin tari, atishawa, dariya ko tasowa daga sujada, domin irin wannan ɗigar rauni ne na tsoka, barin abinci ba ya gyara ta.

In kina azumin Litinin da Alhamis, ko Ramadan ya zo, kada ki haɗa ruwan wuni a buɗa baki. Kwalba ɗaya da dabino, ɗaya bayan magariba, sauran a rarraba har sahur. Vimto da lemon gas da gahawar bayan tarawihi su ne ke hana mutane barci a watan. Shayin sahur kuma yana fitar da ruwan da kike son jiki ya riƙe.

Ki koma wa likita da takardarki da duk magungunan da kike sha a leda. Wasu magungunan hawan jini, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, aikinsu ke nan ƙara fitsari, haka wasu sababbin magungunan suga irin su Jardiance da Forxiga, waɗanda ke fitar da suga ta fitsari. Kada ki daina da kanki, likita zai iya canza lokacin sha ko maganin. A shekarunki, ɗaukewar al'ada tana sa fatar gaba da ta hanyar fitsari ta bushe ta yi laushi, kuma akwai man estirojin, wato sinadarin jikin mace, na shafawa da likitar mata ke rubutawa wanda ke rage matsuwa. Ki nisanci sabulu mai ƙamshi, miski da duk abin matsi a wurin, ruwa ya wadatar. Ki nemi a duba ko fitsari yana saura a mafitsara bayan kin gama, da na'urar hoton ciki ake yi, minti kaɗan ne. In duk wannan bai isa ba akwai magunguna irin su solifenacin da mirabegron, na farkon yakan busar da baki ya taurara bayan gida, na biyun ana lura da hawan jini a kansa.

Abubuwan da ba a jira mako biyu a kansu: jini a fitsari ko da sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, zazzaɓi da ciwon kwiɓi, raɗaɗi mai tsanani lokacin fitsari, kasa yin fitsarin, jin wani abu yana saukowa ta gaba, ko mutuwar ƙafa tare da ciwon baya. Kowanne ya bayyana, asibiti a ranar. In kuma kin taɓa zama inda ake wanka ko wanki a rafi, kududdufi ko magudanar noman rani, a gida Najeriya ko Nijar ko yankin Jazira a Sudan, ki faɗa wa likita ya nemi tsargiya, domin tsutsar takan daɗe a jijiyoyin mafitsara, kuma gwajin fitsari na yau da kullum yakan wuce ƙwanta in ba a nema ba.